Tsingaro da tambari: kufan Gobir daga Abzin zuwa Gobir Tudu

Duk manomin da ya taɓa huɗa a tudun Deule ko a kwarin Majiya ya san tsingaro. Fartanya ta tono shi, ja ko baƙi, wani da zanen igiya a bayansa, a tsince shi a jefar bakin gona tare da kashin maƙera. A wajen manomi shara ce. Masu tonon kufai kuwa da shi suke karanta zamanin da babu maroƙin da ya riske shi, domin yumɓu in ya sha wuta ba ya ruɓewa. In an tarar da gawayi kwance tare da shi, sai a auna kabon 14 da ya rage a cikin gawayin, wanda rabinsa ke zagwanyewa duk shekara 5,730, a san lokacin da aka hura wutar.

Da wannan awo aka gane cewa ƙasar Nijar na cikin wuraren da aka fara gina tukunya a Afirka. A Tagalagal, kan duwatsun Bagzan na Abzin, Jean-Pierre Roset ya tono tukwanen da suka kai shekara 10,000, na Ounjougou a ƙasar Mali ma sun girme su. Masu su ba manoma ba ne, kuma ba su da birni. Mafarauta ne da masunta, masu tsintar hatsin daji, a lokacin da hamadar Tenere ke cike da tafkuna. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno, da ya fito neman ƙasusuwan dabbobin dauri, ya yi kiciɓis da maƙabartar Gobero: kaburbura wajen 200, ga ƙashin giwan ruwa da dorina da kada a inda yau sai rairayi. Mutanen farko sun zauna bakin wani tafki a can daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin Miladiyya, fari na shekara dubu ya kore su, wasu daban suka zo da ruwa ya dawo, su ma suka watse wajen 2500 kafin Miladiyya.

Labarin sarauta ƙanen bayan wannan ne ƙwarai. Gobirawa sun ce daga Abzin suka gangaro, kuma cikin wuraren da suke lissafawa akwai Maranda. Al-Ya'aƙubi, marubucin Larabci na ƙarni na 9, ya ambaci gari da al'umma masu wannan suna. Kudu da Agadas kuwa, gindin dutsen Tigidit, akwai kufan Marandet, inda Henri Lhote ya tarar da dubun dubatar ƙananan tukwanen narka jan ƙarfe, kowacce ba ta fi a rufe ta a tafin hannu ba, tuli a kan tuli. Daga baya Danilo Grébénart da Sonja Magnavita sun sake bincika wurin, awo ya kai aikin can tsakanin ƙarni na 6 da na 9. Tukwanen ba su ce "Gobirawa ne suka gina mu" ba, kuma mai neman su faɗi haka yana ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba. Abin da suka tabbatar shi ne akwai gari mai maƙera da fatauci a daidai inda baki ya nuna. Da Ibn Baɗuɗa ya sauka Takadda a 1353, ya rubuta cewa ana kai jan ƙarfenta Kubar, sunan da masana ke ɗauka Gobir ne.

Matsin Abzinawa ya tura Gobirawa kudu. Tarihin Kano ya ajiye zuwan mutanen Abzin Gobir a zamanin Sarki Yakubu, tsakiyar ƙarni na 15. Suka yi zama a Birnin Lalle, wajen Dakwaro ta yau, suka bar shi kufai, suka ci gaba da gangarawa. Ƙasar Madawa har yanzu Gobir Tudu ake kiranta. Arewa da ita, a Adar, wata sarauta ta tsiro: a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace ƙasar daga hannun Kabi, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautar Adar a Illela. Djibo Hamani ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1975. Sai dai Azna na kan duwatsu, masu tsafin ƙasa, sun riga Agabba, haka ma maƙeran da Nicole Echard ta ɗauki hoton narkar tamarsu a shekarun 1960.

A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya gina Alƙalawa a bakin gulbin Rima. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, nan ƙarfin Gobir ya kai maƙura, da yaƙi da jangali masu nauyi waɗanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta suka a wa'azinsa. Birnin bai daɗe ba. Bayan yaƙin jihadi na Tafkin Kwatto a 1804, rundunar Muhammadu Bello ɗan Shehu ta shiga Alƙalawa a watan Oktoba na 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa.

A nan nake ganin mai tonon kufai shi kaɗai zai iya ɓata. In ya ga ganuwa ta zube, tsingaro ya yanke, zai rubuta cewa daula ta mutu a 1808. A ƙasar Hausa kuwa birni na iya faɗuwa a ɗauki tambari da Inna mai sarautar mata da ƴan sarki a yi gaba. An sake karya Gobirawa a Gawakuke a 1836, Sarki Ali ya faɗi a fagen, amma Sarki Mayaƙi ya tattara saura ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga can suka ci gaba da kai wa Sakkwato hari har zuwan Turawa, wani reshen gidan kuma ya koma kwarin Rima ya gina Sabon Birni.