Rawar Salsa: Yadda jagora da mai bi ke fahimtar juna

Salsa na daga cikin raye-rayen Latin Amurka da mutane biyu ke yi tare, inda ɗaya ke jagoranci, ɗayan kuma yana bi.

Rawar dai ta bunƙasa ne a birnin New York na Amurka a shekarun 1960 da 1970, daga kaɗe-kaɗen Kyuba irin su son da mambo, waɗanda su ma suka gaji salon bugun 'yan Afirka da aka kai can a zamanin cinikin bayi.

Tsarin taku

Ana ƙirga kiɗan salsa ne bugu takwas-takwas. Masu rawa kan taka sau uku, su ɗan dakata a bugu na huɗu, su sake taka uku, sannan su dakata a na takwas.

A salon Los Angeles, jagora na jefa ƙafar hagu gaba a bugun farko, yayin da mai bi ke mayar da ta dama baya. A salon New York kuwa, wanda malamin rawa Eddie Torres ya yaɗa, ana sauya alƙibla ne a bugu na biyu.

Aikin jagora

Jagora kan ɗora hannunsa na dama a allon kafaɗar abokiyar rawarsa, ya riƙe hannunta na dama da hagunsa. Ta wannan riƙo ne saƙo ke isa ba tare da furta kalma ba.

Motsin ƙirji da karkatar nauyin jiki su ne ke nuna inda za a dosa. Ɗaga hannu sama kuma alama ce ta juyi, kuma tilas alamar ta riga takun zuwa, domin abokiyar rawar ta samu damar shiryawa.

Fizga da ƙarfi kuskure ne babba, saboda yakan jawo targaɗe a kafaɗa ko wuyan hannu. Haka kuma alhakin jagora ne ya lura da fili, gudun karo da wasu.

Aikin mai bi

Mai bi ita ke riƙe da ma'aunin jikinta, tana kuma kiyaye ƙirgen kiɗa da kanta. Ba ta sakin hannu ya yi laƙwas, ba ta kuma sandarar da shi.

Abu mafi wuya gare ta shi ne haƙurin jiran alama, domin idan ta yi hasashen abin da ke tafe ta riga jagora, rawar kan wargaje.

A al'adance namiji ne ke jagoranci, sai dai makarantu da dama na koyar da ɗalibansu ɓangarorin biyu, domin wanda ya taɓa bin wani ya fi sanin zafin mugun riƙo.