Gwafar Danƙo A Hannun Jika

Duk wadda ke da ɗa namiji ta san rigimar da ake sha da Sallah a kan bindigar roba, irin wadda ake kawowa daga ƙasar Sin mai tofo 'yan ƙwayoyi. Yaro ya tara kuɗin barka da Sallah ya ruga shago ya sayo, kafin la'asar an kawo ƙara wai ya harbi ɗan maƙwabta a ido. Sai ki ji uwa tana cewa yaran zamani sun lalace. Ni dai da na tashi a ƙasar Shanono na san son harbi tsohon hali ne na yara maza. Abin da ya sake shi ne hannun da ke miƙa wa yaro abin harbin.

Ƙasarmu ta noma ce, gona na jingine da gona tun daga Bagwai da Gwarzo har iyakar Katsina. Idan gero ya fara ƙosawa sai tsuntsaye su sauko, musamman jan-baki mai zuwa garke guda kamar hadari. Manya na da aikin da ya fi wannan, don haka korar tsuntsu ta yara ce. Makamin da aka gada shi ne majajjawa: igiya biyu da 'yar fata a tsakiya, a sa dutse ko busasshen curin laka, a juya a saki.

Danƙo kuwa baƙo ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi ya shiga hannun manoma, kekuna da motoci suka biyo baya. Idan robar cikin tayar keke ta gama aiki sai a yanka ta siri-siri, a ɗaura a gwafar itace, a samo fatar tsohon takalmi a yi mata mazaunin dutse. Kin ga ke nan gwafar danƙon da muke zaton gadon iyaye da kakanni ce, ko keke ba ta girma ba. Su ma Turawan Amurka suna da irin tasu, wata 'yar bindigar iska mai harba ƙwayar ƙarfe, wadda kamfanin Daisy ya fara ƙerawa a 1888, kakanni kan koya wa jikoki da ita a bayan gida.

Baka da kibiya da bindigar toka na manya ne. Mafarauta ke da su, su suka san haɗin dafin kwankwani, maƙera kuma su ke ƙera bindigar. Dokar makamai ta 1959 ma ta ce ko bindigar toka sai da lasisi.

To me ya sa kaka ne malamin, ga uba a gida? Ai kin san al'adarmu. Uba na kunyar ɗansa, balle ɗan fari da ko sunansa ba ya kamawa, kuma yaro ba ya sakewa a gabansa. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne, a yi tsokana a yi dariya. Ga shi a zaman gandu tsoho ya ajiye garma, 'ya'yansa ke noma, shi ke da lokacin zama a gindin bishiya. Kakanmu na wajen uba shi ya sassaƙa wa yayyena gwafarsu. Sai ya jera gwangwanaye a kan kututture, ya ce wanda ya kuskure sau uku ya ba ƙaninsa. Mu mata muna gefe muna tsinto duwatsu, muna yi musu dariya.

Amma darasin da ya fi daɗewa a kansa ba na saiti ba ne. Ba a ɗaga danƙo ta inda mutum yake ko dabbar wani, ko da babu dutse a ciki. Ba a harbi a cikin gida. Ba a taɓa shamuwa, don ita ke zuwa da albishir ɗin damina, ta yi sheƙa a bishiyar gari kamar baƙuwar kowa. Kurciya da hasbiya da fakara halal ne, da sharaɗin yaro ya kai gare su da ransu ya yi bisimilla ya yanka. Idan dutsen ne ya kashe, ta zama mushe, sai a jefa wa kare, kuma ranar mai harbin zai sha gori. Tsohon kan tuna musu hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka hana jifa da tsakuwa barkatai saboda tana fasa ido tana karya haƙori. Wanda ya karya doka ɗaya, gwafarsa ta kwana bakwai a aljihun kaka. Wallahi wannan hukuncin ya fi musu bulala zafi.

A wannan zaman ne dai suka koyi tufkar igiyar rama, da ɗana tarkon gafiya, da yadda ake ɗaure dami. Mu kuma kakarmu, mai kiran mu kishiyoyinta, ta koya mana kaɗi da mazari, da sussuka da shiƙa, da yadda ake dafa kalwa a rufe ta har ta zama daddawa.

Abubuwa suka taru suka kwance wannan zama. Farin 1973 ya kori magidanta da yawa zuwa birni. A 1975 cuta ta kashe gyaɗa, a 1976 gwamnatin Obasanjo ta buɗe ilimin firamare kyauta, yaran da ke gadin gona suka shiga aji. Ban ga laifin makaranta ba, da ita nake rubutun nan. Sai dai gandu ya yi ta rabuwa, kowa da tukunyarsa, jika a Kurna ko Rijiyar Lemo, kaka a ƙauye, ba a haɗuwa sai Sallah ko biki. Mai shago ya gaji aikin kaka, shi kuwa iyakarsa ya karɓi kuɗi ya ba da canji.

Yanzu ma ƙarar bindiga a ƙasar Shanono ta sake ma'ana. Da idan an ji ta, mafarauci ne ko bikin wani. A shekarar 2025 'yan bindiga suka riƙa ƙetarowa daga ɓangaren Katsina suna shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kore shanu suna ɗaukar mutane, har da matan aure, sai da aka turo sojoji. Gidaje da yawa suka kwashe mata da yara zuwa cikin gari. Samarin da ke kwana a bakin ƙauye suna sintiri, da yawansu bindigar toka ce a kafaɗarsu, irin dai wadda kakanninsu ke fita farauta da ita.