Tarihin Hukumomin Wutar Lantarki a Najeriya

Wutar lantarki ta fara shigowa Najeriya ta Legas a ƙarshen ƙarni na 19, amma wadda ake samu daga ƙarfin ruwa a tsaunukan Filato ta samo asali. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya yi tasha a magangarar ruwa ta Kurra don bai wa masu haƙar kuza wuta a yankin Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta tattara sauran tashoshin garuruwa a ƙarƙashin hukumar ECN, wadda ta kama aiki a 1951.

Bayan samun 'yancin kai, hankalin shugabanni ya koma kan kogin Kwara, wato Neja. A 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Kogin Neja, aka soma ginin madatsar Kainji a 1964 da rancen da Bankin Duniya ke cikin masu bayarwa, aka kammala a 1968. An tsara ta da gurbin injuna 12, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760. Tafkin da ya taru ya shanye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri. Fiye da mutum 40,000 aka tasa daga gidajensu da gonakinsu na fadama, aka gina Sabuwar Bussa. Waɗannan manoma da masunta su ne suka fara biyan kuɗin wutar ƙasar nan, kuma ba kasafai ake ambatonsu ba idan ana lissafin abin da aka kashe. Madatsar Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro kuma a kan kogin Kaduna a 1990.

A 1972 gwamnatin soja ta haɗe ECN da Hukumar Madatsun Kogin Neja ta samar da NEPA. Ita ce mai samar da wuta, mai dakonta, mai sayarwa, kuma babu wata hukuma mai zaman kanta da za ta binciki aikinta. Ita ce kiɗa, ita ce rawa. Wanda aka kawo wa takardar kuɗin wutar da bai sha ba, sai ya kai kuka wurin wanda ya rubuto ta. Wannan, fiye da ƙarancin injuna, shi ne babban aibin wancan zamani.

Dokar garambawul ta 2005 ce ta raba alƙali da ɗan kasuwa. Ta kafa NERC don ba da lasisi, yanke farashi da sauraren ƙorafin masu amfani da wuta. NEPA ta koma PHCN, aka kasa ta gida 18: kamfanoni 6 na samarwa, 11 na rarrabawa, da TCN mai kula da manyan layuka, wanda ya zauna a hannun gwamnati. A Nuwamban 2013 aka miƙa mafi yawan kamfanonin ga 'yan kasuwa. Kano, Katsina da Jigawa suka shiga hannun kamfanin rarrabawa na KEDCO. Madatsun Kainji da Jebba ba a sayar da su ba, jinginar da su aka yi ga kamfanin Mainstream. Har yau rikicin mita da kuɗin ƙiyasi ne ya fi cin lokacin NERC, sannan mafi yawan wutar ƙasar daga iskar gas take fitowa, don haka fasa bututu ɗaya a kudu yakan jefa garuruwan arewa cikin duhu.

Wutar Kainji ta daɗe tana ƙetara iyaka ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai. Najeriya ta katse ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ta maido a Maris 2024. A 2023 ɗin ne kuma gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki suka bai wa jihohi ikon kafa nasu hukumomin da tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, wasu kuma tuni suka karɓi wannan aiki daga hannun NERC.