Ɗaurin Talala Idan Ya Tsallaka Iyaka: Darasi Daga Tarihin Amurka

Yau tambaya ɗaya za mu bi: idan kotun wata jiha ta yi wa mutum ɗaurin talala, ko aka sake shi daga gidan yari bisa sharaɗi, sai ya koma wata jihar ya karya sharaɗin, wa zai kama shi? Kuma da wane ma'auni za a hukunta shi?

A Amurka kowace jiha tana da nata dokokin laifuka da nata gidajen yari. A da can, mutum na tsallaka iyakar jiha ya ɓace wa jami'in da ke sa masa ido. A 1934 Majalisar Dokokin Tarayya ta ba jihohi izinin ƙulla yarjejeniya tsakaninsu don yaƙi da laifuka, a 1937 kuma aka samar da yarjejeniya kan waɗannan mutane. Tsarin shi ne: jihar da mutum ya koma ita ke sa masa ido, jihar da ta yanke hukuncin ita ke da ikon soke sakin ta mayar da shi gidan yari.

Matsalar ita ce yarjejeniyar ba ta tanadi wanda zai tsawata wa jihar da ta yi ko-oho ba. A 1999 aka kashe wata budurwa a gidanta a birnin Denba na jihar Kolorado. Wanda ya kashe ta daga jihar Merilan aka turo shi wani gidan gyaran masu shaye-shaye, ba tare da an sanar da hukumomin Kolorado ba. Lokacin an riga an fara aikin sabuwar yarjejeniya, sai wannan kisa ya ƙara mata ƙaimi. Ta fara aiki a 2002 bayan jihohi 35 sun amince, da hukuma guda mai kafa ƙa'idojin da suka hau kan kowa. Yau duk jihohi 50 suna ciki.

To, shi ke nan an huta? Ina! A Nuwamban 2009 Maurice Clemmons, wanda jihar Akansas ta saka bisa sharaɗi, ya harbe 'yan sanda huɗu a wani shagon kofi a jihar Washinton. Kafin nan an kama shi da sababbin tuhume-tuhume, amma jihohin biyu suka tsaya ja-in-ja kan sammacin da zai hana a ba shi beli. Ya samu beli, cikin kwanaki kaɗan ya yi wannan aika-aika. Bayan nan aka tsaurara ƙa'idar mayar da masu haɗari jiharsu ta asali.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ba ya shiga labarai. Tsohuwar ƙa'ida ta ce idan mutum ya yi babban saɓani sau uku, dole jiharsa ta ɗauke shi. Amma mene ne "babba"? Abin da wata jiha ke yi wa gargaɗi, kamar rashin zuwa ganin jami'i, wata jihar kora take yi a kansa. Mutum ya samu aiki, yana zaune da iyalinsa, sai a tattara shi a mayar da shi can nesa, alhali ɗan jihar da ya yi irin laifinsa gargaɗi kawai ya sha.

A 2017 aka sauya wannan. Yanzu jihar da ke riƙe da baƙo sai ta bi da shi yadda take bi da nata: gargaɗi, ƙarin sa ido, horo mataki-mataki, ta kuma rubuta abin da ta gwada. Sai abin ya kai matakin da ɗan jihar ma za a nemi soke sakinsa, sannan ta ce a zo a ɗauke shi.

Shekara 80 ke nan daga 1937 zuwa 2017, ana neman kada iyaka ta ɓoye mai haɗari, kada kuma ta ƙara wa mai ƙaramin kuskure hukunci. Ku faɗa mana ra'ayinku: baƙo da ɗan gari, ma'auni ɗaya ya dace da su? Sai mun haɗu a shiri na gaba.