Masaukin Masu Fasaha na MacDowell a Amurka: Tarihinsa da Rigimar Harajinsa



A jihar New Hampshire, can arewa maso gabashin Amurka, akwai wani dutse mai suna Monadnock, wanda tsawonsa ya kai ƙafa 3,165. Tsaye yake shi kaɗai, ya ɗara duk abin da ke kewaye da shi, har ma masana labarin ƙasa suka ari sunansa suna kiran kowane dutse mai irin wannan tsayuwa da shi, watau irin su Kufena ta Zariya. A ƙasar tuddai da kurmi da ke gabas da wannan dutse akwai wani ɗan gari, Peterborough, kuma a bayan garin ne aka kafa masaukin da zan yi magana a kansa yau. Wuri ne da ake saukar da marubuta da masu tsara kiɗa da masu zane da masu sassaƙa, a ba kowa ɗaki da abinci kyauta har tsawon makonni, ba a tambayarsa kome, ba a kuma neman ya nuna abin da ya yi ranar da zai tafi. Na san wani ma'aikaci a cikin zauren nan zai ce a ransa, ashe a duniya akwai inda ake ciyar da mutum don ya zauna! To, hukumar garin Peterborough ma ta taɓa faɗin abin da ya yi kusa da haka, har ta kai magana gaban alƙali. Amma bari mu soma daga tushe.

Edward MacDowell, wanda aka haifa cikin 1860, yana daga cikin Amurkawan farko da Turai ta yarda sun iya tsara kiɗa. Ya yi karatu a Faransa da Jamus, kuma a birnin Frankfurt ne ya koya wa wata 'yar ƙasarsu, Marian Nevins, kiɗan fiyano, suka yi aure cikin 1884. Tun daga ranar nan Marian ta jingine nata kiɗan, ta ɗora gidan a kan gādon da ta samu, don mijin ya sami sukunin ƙaga nasa. Cikin 1896 abubuwa biyu suka faru a tare: Jami'ar Kolombiya ta birnin New York ta naɗa shi shehun malaminta na farko a fannin kiɗa, ita kuwa Marian ta sayi wata tsohuwar gona a Peterborough. Koyarwa ta cinye masa lokaci, kamar yadda duk wanda ya taɓa zama da tulin takardun jarrabawa zai shaida, har ya zamana ba ya iya tsara kome sai lokacin dogon hutu, idan sun koma gona. Ganin ko a can ma hayaniyar gida tana damunsa, sai ta sa aka gina masa 'yar bukka ta gungumen itace a cikin kurmi, ana kai masa abincin rana a kwando don kada ya katse aiki. Duk tsarin masaukin da aka kafa daga baya, daga wannan bukka da wannan kwando aka kwaikwayo shi.

Ƙarshen Edward bai zo da daɗi ba. Cikin 1904 ya ajiye aiki bayan wata taƙaddama da shugaban jami'ar, Nicholas Murray Butler, wadda ta fita har a jaridu. A wannan shekara kuma keken doki ya banke shi a titi. Daga nan lafiyarsa ta yi ta lalacewa, hankalinsa ya gushe, ya rasu cikin Janairu 1908 yana da shekara 47. Tun yana kwance aka buɗe asusun taimaka masa, wanda manya irin su Andrew Carnegie da J. P. Morgan da tsohon shugaban ƙasa Grover Cleveland suka sa hannu a ciki. Marian ta nemi a juya abin da aka tara wajen cika burin mijinta, watau wasu su sami irin natsuwar da ya samu a bukkarsa, sa'an nan ta yi wakafin gonar ga wata ƙungiya da aka kafa da sunansa. Baƙin farko sun sauka cikin 1907, 'yan'uwa mata ne su biyu, Helen Mears mai sassaƙa da Mary Mears marubuciya.

A nan ya kamata mu dakata, domin wurin sunan miji yake ɗauke da shi, alhali aikin na matar ne. Kuɗin attajirai bai isa ya riƙe masaukin ba. Saboda haka Marian, tana da shekara hamsin, ta koma kan fiyanon da ta bari tun tana amarya, ta shiga zagaya Amurka gari gari, tana kaɗa kiɗe-kiɗen mijinta a gaban ƙungiyoyin mata da na masu sha'awar kiɗa, tana yi musu bayani, tana tara abin da ya samu. Ta fi shekara ashirin tana wannan yawo. Ɗakuna da dama na masaukin irin waɗannan ƙungiyoyi ne suka biya kuɗin gina su. Da wata babbar guguwa ta auka wa yankin cikin 1938, ta karya itatuwan wurin ta toshe hanyoyi, sai aka sake komawa neman taimako kafin a iya gyarawa. Ta rasu cikin 1956 tana da shekara 98. Idan an ce mai fasaha yana bukatar kaɗaici, gaskiya ne, sai dai kaɗaicin nan saye ake yi, kuma a nan wata tsohuwa ce ta biya da guminta.

Tsarin zaman kuwa ba shi da wuyar fahimta. Filin ya kai eka 450, da ɗakunan aiki 32 a warwatse cikin kurmi, kowane nesa da ɗan'uwansa. Da safe da dare ana cin abinci tare, amma da rana sai a ajiye wa kowa kwandonsa a bakin ƙofa, ba sallama ba ƙwanƙwasawa. Doka ɗaya ce mai ƙarfi, ita ce kada wani ya je ɗakin wani sai an gayyace shi. A kowane ɗaki kuma akwai alluna na katako a jikin bango, inda duk wanda ya zauna yake rubuta sunansa kafin ya tashi. Wanda ya san halwa zai ga kama, amma akwai bambanci: mai halwa gudun mutane yake yi ɗungum, a nan kuwa da gangan aka haɗa mawaƙi da mai zane da makaɗi a teburi guda kowane dare, domin Edward ya yi imani cewa kowace fasaha tana ƙaruwa da 'yar'uwarta.

Me aka samu? Mawaƙi Edwin Arlington Robinson ya zo cikin 1911 ba da son ransa ba, har ana ba da labarin ya taho da takardar waya ta ƙarya a aljihu, don ya sami hujjar gudu in wurin bai yi masa ba. Bai gudu ba. Ya yi ta dawowa kowace shekara har kusan rasuwarsa cikin 1935, kuma a tsakanin nan ya ci lambar Pulitzer sau uku. Thornton Wilder ya rubuta wani sashe na wasan kwaikwayonsa, Our Town, a can, wasan da aka fara nunawa cikin 1938, wanda garin da ke cikinsa ya ɗauko kamannu daga Peterborough. Aaron Copland da Leonard Bernstein sun tsara kiɗa a wurin. Mu ma nan gida mun ga abin da ɗan sarari yake haifarwa, tun da cikin 1936 da aka ɗauke wa Malam Abubakar Imam aikin koyarwa a Katsina aka kawo shi Zariya, cikin 'yan watanni ya rubuta Magana Jari Ce.

Sai dai zaman Robinson na shekara sama da ashirin yana nuna wani gefen. Ɗakuna ƙidayayyu ne, kowane da aka bai wa wani an hana wani ke nan, kuma a shekarun farko kusan dukan waɗanda ake kira fararen fata ne, da yawa ta hanyar sanayya. James Baldwin, baƙar fatan marubucin nan, ya fara sauka cikin 1954, ya kuma dawo daga baya. Cikin 2018 aka sa wa laburaren wurin sunansa. Asalin sunan masaukin MacDowell Colony ne, kalmar ta biyu kuwa tana nufin zangon mutane, tana kuma nufin ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka. Cikin 2020, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, hukumar wurin ta jefar da ita.

Yanzu ga maganar shari'a. A dokar jihar, ƙungiyar da ke aikin taimakon jama'a ba ta biyan harajin fili da gine-gine, kuma MacDowell ya daɗe a cikin wannan rangwame. Cikin 2005 hukumar Peterborough ta ƙalubalanci abin. Hujjarta ita ce, masu cin moriyar wurin ba jama'a ba ne, 'yan tsiraru ne da aka tace aka zaɓa, galibi ma baƙi daga wasu wurare, alhali talakan gari shi ke biyan kuɗin hanya da 'yan kwana-kwana. Masaukin ya amsa da cewa amfanin yana isa ga jama'a ta hanyar littafin da za a karanta da kiɗan da za a ji. Cikin 2008 Kotun Ƙoli ta jihar ta ba masaukin gaskiya, ta ce bunƙasa fasaha aiki ne da jama'a baki ɗaya ke amfana da shi.

Ni dai na yarda da hukuncin, amma ban ga laifin hukumar garin ba. Littafin da aka rubuta a kurmin Peterborough duniya ce za ta karanta shi, harajin da aka yafe kuwa ɗan garin da mutanensa ba su fi dubu shida da 'yan kai ba shi kaɗai ya yi asararsa, kuma kotu ba ta warware wannan ba, domin ba shi aka tambaye ta ba. Mutanen garin suna da rana guda a shekara da ake buɗe musu ƙofa, su shiga su zagaya ɗakunan, watau ranar ba da lambar girma ta Edward MacDowell, wadda aka fara cikin 1960 da Thornton Wilder, aka kuma bai wa Toni Morrison cikin 2016.