Daga Bon Zuwa Doha

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, ƙungiyar tsaro ta NATO ta ɗauke shi tamkar an taɓa dukkan ƙasashenta, karo na farko a tarihinta. Ranar 7 ga Oktoba Amurka da Birtaniya suka far wa Afganistan, mafakar Alƙa'ida, har gwamnatin Taliban ta faɗi. A taron Bon na ƙasar Jamus aka zaɓi Hamid Karzai shugaban riƙo, amma ba a gayyaci Taliban ba. A nan muke ganin aka yi sake. Waɗanda aka hana wa tabarma a 2001, da su Amurka ta ƙulla yarjejeniya a Doha a 2020, bayan jini ya kwarara. Cikin Agusta 2021 suka sake karɓe Kabul. Tun ran gini, ran zane.