Gishiri, Tsaga da Amana: Nazari a kan Hawan Gargajiya a Duwatsun Gaɓar Tekun Hoy

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hawan dutse irin na gargajiya a tsibirin Hoy da ke Orkney, arewacin Sikotilan. Ta yi amfani da tarihin hawa biyu, na Old Man of Hoy da na St John's Head, tare da bayanin yadda kayan kariya ke aiki a cikin tsaga. Hujjarta ita ce, ƙin kafa ƙusoshin dindindin a bakin teku ya samo tushe daga halin dutse da gishiri kamar yadda ya samo daga al'adar mahaya.

Gabatarwa

A hawan gargajiya, na gaba yakan hau yana cusa kayan kariya a tsagar dutse yana ratsa igiya a cikinsu, na baya kuma ya biyo shi yana cirewa. Dutsen yakan koma yadda aka same shi. Akasin haka shi ne hawan da ake huda dutse a dasa ƙusa ta zauna. Yawancin masu rubutu sukan ɗauki bambancin a matsayin batun ɗa'a kawai, suna kafa hujja da kiran da Yvon Chouinard da Tom Frost suka yi a Amurka a 1972 cewa a daina lalata tsaga da ƙusar da ake bugawa da guduma. Wannan bayani ya dace da duwatsun Yosemite na Amurka. A Hoy kuwa bai wadatar ba.

Dutsen da Kansa

Old Man of Hoy ginshiƙi ne na jan dutsen yashi mai tsayin mita 137, yana zaune a kan gindin baƙin dutsen aman wuta. Duk da sunansa na tsoho, yaro ne a lissafin masana duwatsu: taswirar wajajen 1750 ta nuna wurin a haɗe da tudu, zanen da William Daniell ya yi a farkon ƙarni na 19 kuma ya nuna shi da ƙafa biyu. Teku ta cinye ɗaya. Abin da wannan ke nufi ga mahayi shi ne, tsagar da yake dogaro da ita alama ce ta dutsen da ke kan rabuwa. Bakinta yakan yi gari, ruwan gishiri yakan jiƙa cikinta, kuma iska ba ta barin wurin.

Chris Bonington da Rusty Baillie da Tom Patey ne suka fara kaiwa ƙolinsa a 1966, ta fuskar gabas. Wuri mafi wuya shi ne zango na biyu, inda ake ɗan gangarawa a gicciye sannan a shiga wata faffaɗar tsaga da ta sunkuyo a kan teku. Da wejin katako suka kare kansu a nan. A watan Yulin 1967 BBC ta watsa hawan kai tsaye, inda Joe Brown da Dougal Haston da wasu suka buɗe sababbin hanyoyi, mutum kusan miliyan 15 suna kallo.

Yadda Kariya ke Riƙewa

Hannu ne kayan aiki na farko. Mahayi yakan zura tafinsa a tsaga, ya lanƙwasa babban yatsa ciki har naman ya kumbura ya cije bango biyu. Idan ta fi faɗi ya dunƙule, idan ta ƙara faɗi ya sa kafaɗa da gwiwa. Ba sai ya ga wurin ba, ji yake yi. Jesse Dufton, wanda makaho ne, ya jagoranci hawan Old Man of Hoy a 2019, kuma wannan ya isa shaida.

Ƙarfen kariya iri biyu ne. Na farko noti ne, wanda asalinsa notin inji ne da mahayan Birtaniya suka riƙa zura wa igiya kafin a fara ƙera na musamman a farkon shekarun 1960. Yana maƙalewa ne inda tsaga ta tsuke. Na biyu shi ne kam mai sifirin, wanda Ray Jardine ya ƙirƙiro, kamfanin Wild Country ya fara sayarwa a 1978 da sunan Friends. A nan ya kamata a dakata, domin lissafin yana da muhimmanci. An yanka haƙoransa a kusurwar digiri 13.75, don haka duk nauyin da ya ja shi ƙasa yakan koma turi a kan kowane bango da ƙarfi kusan ninki biyu. Yana riƙewa ne muddin ma'aunin gogayya tsakanin ƙarfe da dutse ya haura kimanin 0.25. A busasshen dutse mai tauri wannan ba abin damuwa ba ne. A jiƙaƙƙen dutsen yashi kuwa, ƙwayoyin yashin kan zame a ƙarƙashin haƙoran, ko bangon ya fashe saboda turin. Shi ya sa gwani a Hoy yake tura kam ɗinsa can ciki, ya kuma jera biyu inda a wani dutsen ɗaya ya isa.

To me ya hana a dasa ƙusa a huta? Gishiri. Ƙarfen da ake kira mara tsatsa yakan tsage daga ciki idan sinadarin kuloraid ya haɗu da matsi, kuma ido ba ya ganin ɓarnar. An ga haka a gaɓar tekun Tailan da tsibirin Cayman Brac, inda ƙusoshi suka karye da ɗan nauyi, har mahaya suka koma ga taitaniyom. Gaskiya ne zafi na hanzarta wannan ɓarna, Orkney kuma wuri ne mai sanyi, don haka kwatancin yana da iyaka. Amma tsatsa ta yau da kullum tana nan, kuma tsibirin da ake shiga da jirgin ruwa, a yi tattaki daga ƙauyen Rackwick, ba shi da mai zagayawa yana duba ƙusa. Notin da mutum ya sa da hannunsa yau, ya san lafiyarsa.

St John's Head da Matsalar Saukowa

Arewa kaɗan akwai St John's Head, wanda ya haura mita 330. Ed Drummond da Oliver Hill sun yi kwana 7 a jikinsa a 1970 kafin su gama hanyar da suka kira Longhope, suna rataya a kan kayansu. A 1997 John Arran da Dave Turnbull suka hau da hannu da ƙafa zalla, amma suka kauce wa tsagar ƙarshe. Sai a 2011 Dave MacLeod ya bi ta cikinta a yini guda. Shekara 41 ke nan bayan hawan farko.

Inda hujjar 'yan gargajiya ke da rauni shi ne wajen saukowa. Daga St John's Head ana fita ta tudu. Daga Old Man kuwa dole a sauko da igiya, kuma abin da aka rataya a kai ba ya ciruwa. Haka tsofaffin igiyoyi da ƙarafa suka taru a zangunansa, rana da gishiri suna cin su, kowane ayari yana ƙara nasa a kan na baya saboda bai yarda da su ba. Patey kansa wajen saukowa ya rasu a 1970, daga ginshiƙin The Maiden a gaɓar Sutherland. A ganin wannan marubuci, binciken da ya fi gaggawa shi ne a ɗebo waɗannan tsofaffin igiyoyi daga Hoy, a rubuta zangon da aka samo kowace, a ja su a inji a ga nauyin da suke tsinkewa.